Shekarar da Ba Mu Binne Inabin Kaka Ba

A ƙauyenmu na bakin kogin Rio Grande, da zarar ganyen inabi ya zube a watan Nuwamba sai a hau aikin binnewa. Kowane gindi a tara masa ƙasa har ta rufe shi ruf, ya yi hunturu a ciki, in sanyi ya wuce a tono shi. Aikin gayya ne, yau a gonar wannan gobe a ta wancan, mata na biye da tukwanen wake da barkono.

Gonar Babana, Eufemio Gallegos, kashi biyu ce. Ta wajen tudu akwai sababbin itatuwan da ya dasa da hannunsa. Su ke cika fatun shanun da muke dafa giya a ciki, su ke ciyar da gidan. Ta wajen kogi kuma akwai tsofaffin da kakansa ya dasa, masu kauri kamar cinyar mutum, duk sun karkace. 'Ya'yansu ba su taka kara sun karya ba, sai ɗan abin da ake matse wa Fada na coci. Amma Baba gaishe su yake yi da safe, wallahi na sha ji da kunnena.

A shekarar da nake magana gwamnati ta zo haƙa babban lambatu, don ruwa ya taso ta ƙarƙashin ƙasa, gonaki sun fara fari da kanwa. Aiki ne mai kyau, ban taɓa musu ba. Sai dai ya haɗiye mazan ƙauyen kaf, har da mijina Melquiades, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Ganye ya zube, babu mai ta da maganar gayya. Ana cikin haka Baba ya je ɗaga ganga bayansa ya riƙe, ni kuma ga tsohon ciki. Mama Crucita ta gwada ita kaɗai, kwana biyu ta dawo hannu duk ƙuraje.

Na sa Melquiades a gaba. Na ce, "Kai da ka sha giyar nan ranar aurenka har kana rawa da kujera, yanzu ka zuba wa gonar ido ta mutu?"

Ya ce, "Ke dai ba ki mantuwa. To, Lahadi."

Ran Lahadi bayan coci ya zo da waɗanda ya samu, ba su da yawa, kowa da shebur a kafaɗa da gajiyar mako a fuska. Sama ta yi tas, iska ta juya daga arewa. Ko ɗan yaye ya san jaura na hanya, ba za ta jira wata Lahadin ba.

Melquiades ya auna gonar da ido, ya cire hula ya je wurin Baba, wanda muka fito da shi a kujera.

"Baba, gaskiya rabi za mu iya kafin rana ta faɗi. Wanne za mu kama?"

Mama ta riga shi. "Tsoho, kada ma ka fara. Na ga inda idonka ya tafi."

"Ban ce komai ba, Crucita."

"Ai gara kada ka ce. Kakanka ya ci nasa ya tafi. Mu da ke da baki a buɗe fa? Ga wani ma yana hanya." Ta nuna cikina da haɓa.

Wani daga cikin mazan, Onofre, ya yi dariya ya ce, "Don Eufemio, ka bi ta Doña Crucita, ko mu ma mu samu abin jiƙa maƙoshi baɗi."

Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon wajen kogi. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin Mama, duk da na san ita ke da gaskiya. Can ya ɗaga sandarsa ya nuna tudu.

"Ku ɗebo ƙasar daga tsakiyar layi, kada ku sare min saiwa. Wannan ba lambatun gwamnati ba ne."

Suka duƙufa. Muna ta kai abinci ba mu lura ba, ashe Baba ya sulale daga kujerar. Na same shi can ƙasa durƙushe a gindin wani tsohon itace, yana janyo ƙasa da guntuwar fartanya, yana nishi. Na ce ya tashi, ya ƙi ko kallona. Sai na ɗauko kwano na zauna gefensa ina turo masa ƙasar. Kafin rana ta faɗi mun rufe guda uku. Mazan sun gama tudu da ƙyar, suka tafi suna jan ƙafa.

Washegari ruwan randa ya daskare.

Na haihu a cikin hunturun, mace. Da sanyi ya wuce aka tono na tudu, duk sun yi toho. Ukun da muka rufe, biyu sun rayu. Sauran tsofaffin kuwa sun yi baƙi, sun tsage daga sama har ƙasa. Baba ya hana kowa taɓa su. Shi kaɗai ya bi su da gatari a hankali, yana yi yana dafa baya, ya jera su a bayan ɗaki.

Suna nan a jere har ranar bikin cocinmu, lokacin da itacen girki ya ƙare wa Mama ga ƙullin burodi ya tashi. Ta tsaya tana kallon tarin, ta kasa miƙa hannu. Baba ne ya zo ya rungumo su da kansa, ya zuba a tanderu, ya kunna. Sun ci wuta sosai, babu hayaƙi.

Da burodin ya fito Mama ta ajiye masa na farko. Ya gutsura yana taunawa a hankali, jikarsa na kan cinyarsa, hawaye na bin gemunsa.

"Ya gasu, Crucita," ya ce. "Ƙaro min."