Mahauci Ya Kawo Ɓargonsa

Shekara talatin Mahauci yana aiki cikin jini har gwiwar hannu, amma ko a talabijin aka nuna allura sai ya kau da kai. Ƙaninsa kuwa tela ne, allura a bakinsa take wuni. Shekara shida ba sa ga maciji, kuma dalilin abin kunya ne a faɗa. Rigar da Tela ya ɗinka wa yayansa don auren 'yar Mahaucin, hannun hagu ya gaza na dama da yatsa huɗu. Mahauci ya ce a gaban baƙi ko da ƙafa aka yi ɗinkin nan ya fi haka kyau. Tela ya ce hannuwan ne ba daidai ba. Shi ke nan fa.

Sai ga matar Tela a rumfa wata safiya, idanu a kumbure. Kansar jini ce ta kama Tela, in ji ta, kuma ran ashirin ga wata za a fara aikin dashen ɓargo.

To, ɓargo ai Mahauci ya san shi. Kullum da gatari yake fasa ƙashi ya fito da shi. Ya tabbata haka ake yi wa mai bayarwa, kuma wa zai bayar in ba shi ba, uwa ɗaya uba ɗaya? Sati uku yana ɗirkar hanta don ɓargonsa ya ƙaru, yana shafa ƙaurinsa kamar mai bankwana. Tsoro yake ji ƙwarai. Amma tsoron kada ƙaninsa ya tafi ba su yi magana ba ya fi wancan.

Ran ashirin ɗin, ya tono rigar nan daga ƙasan akwati ya saka, don bai iya ba da haƙuri da baki ba.

A asibiti ya tarar da Tela kishingiɗe a doguwar kujera, ya rame, kowane hannu da siririyar roba da ta nufi wani inji mai gurnani. Mahauci ya ƙi kallon wajen. Ya tsaya ƙiƙam gaban nas, ya naɗe ƙafar wando.

"Ga ni, 'yar nan. Wacce za ku fasa? Ta hagu ta fi ɓargo."

Nas ta dube shi, ta dubi ƙaurin. "Baba, sauke wandonka. Ƙaninka shi zai ba kansa. Kwana biyar muna yi masa allura don ƙwayoyin da ke haifar da jini su fito daga ɓargonsa. Injin nan ke tsince su daga jininsa, mu daskarar da su. Sai a ba shi magani mai ƙarfi ya share ɓargon har da cutar, sannan mu mayar masa da abinsa ya sake tsiro."

"Hantar da na ci fa?"

"Ta amfane ka, Baba."

Ya juya a fusace, idonsa ya faɗa kan allurar da ke hannun Tela. Ƙafafun da ya kawo a fasa suka saki. Ya farfaɗo a kujera, nas tana yi masa fifita da fayil, Tela yana dariya har injin ya yi ƙara.

"Kai, ka san ba a buƙatar nawa?"

"Na sani, Yaya. Ni na hana matata ta yi maka bayani. Da ka san babu abin da za a cire maka, za ka zo?"

Mahauci ya hau sauke ƙafar wandonsa, don amsar ba ta da daɗi.

"Tunda ka zo, ga aiki," in ji Tela. "Awa huɗu ba damar in lanƙwasa hannu. Sosa mini hanci."

Mahauci ya runtse ido ya miƙa hannun hagu. Ya fara tsokale masa ido, sannan ya dace da hancin. Tela ya ƙura wa hannun rigar ido, inda ya tsaya can saman tsintsiyar hannu, dariyar ta ɗauke.

"Ashe da gaske gajere ne," ya ce a hankali. "Idan na fita, Yaya, zan gyara maka."

"Babu wani idan," in ji Mahauci, yana ci gaba da sosawa. "Shekara shida nake jiran gyaran nan, kuma babu telan da zai taɓa ta sai kai."