Kwanonmu a Gidan Gambi

"Nya, Tanti Gambi ɓarauniya ce?"

A wurin injin niƙa Mintu, 'yata mai shekara shida da ke kirana Nya, wato uwa da Zabarmanci, ta yi mini wannan tambayar, kuma da ƙarfi ta yi ta don muryarta ta rinjayi ƙarar injin. Sai kuwa aka ɗauke wuta daidai lokacin. Maganar ta faɗo cikin shirun kamar an yar da faranti a kan siminti. Matan da ke layi duk suka juyo. A can ƙarshen layin akwai Zali, babbar 'yar Gambi, riƙe da ɗan ƙoƙon gero. Ina kallo ta sunkuyar da kai, ta fice ba tare da ta yi niƙan ba.

Na damƙi hannun Mintu na ce ta rufe mini baki. Ba ta rufe ba. Ta ce ai kowa ya maido mana da kwanonmu ban da Tanti Gambi.

Gaskiya ta faɗa. Bana ne na ƙudura cewa Mintu za ta kai rabon naman layya da ƙafarta. Ranar Sallah ragonmu ya wuni a gicciye kan itace gaban wuta, tare da na maƙwabta, kamar yadda ake yi a kowane layi na Yamai. Washegari aka sauke shi aka shiga rabo. Na zaunar da Mintu na ce ta faɗa mini gidan da ba ta ga hayaƙi ba jiya. Ba ta yi dogon tunani ba ta ce gidan Tanti Gambi.

Gambi tana zaune ne a kangon da ke bayan layinmu a unguwar Talaje, cikin bukkar zana, tana yi wa mai filin gadi. Daga wajen Wallam suka zo shekarar da gero ya ƙi. Mijinta ya wuce Akara neman aiki, ya bar ta da yara huɗu da kaza ɗaya mai wake-wake. Wannan kazar Mintu ke zuwa bi da gudu duk lokacin da na ɗauke ido.

Mijina Hasumi ya ce a naɗe nasu naman a takardar siminti a wuce wurin. Na ƙi. Na ce yanzu aka kai wa gidan maigidansa na wurin aiki a kwano mai murfi, sannan na Gambi a takarda? Me yarinyar za ta koya? Mintu da kanta ta zaɓi farin kwano mai furen shuɗi, ta nuna cinya, ta ɗora alewa daga cikin wadda ta samo a yawon Sallah. Hasumi ya yi dariya ya ce to Malama, a ci gaba da darasi.

Sai dai kwano ba ya komawa gidan masu shi wayam. Wannan ko yaron goye a Talaje ya sani. Sauran kwanukan duk sun dawo, wani da haƙarƙari, wani da cincin, wani da dabino. Na Gambi shiru. Na san dalili, kuma kwanon bai dame ni ba, ko shekara zai yi. Amma yanzu magana ta fita a bainar mata, kuma Zali ta kai ta gida.

Da muka koma na kasa zama. Na ɗora suyar sauran naman, na manta da shi har ya soma ƙonewa. Na share tsakar gidan da na riga na share. In aika a ce wa Gambi ta riƙe kwanon? Ta ce mun tabbatar ba ta da abin sawa a ciki. In je in ba da haƙuri? Na tono abin da wataƙila take so a binne. In doki Mintu kuwa, abin da za ta riƙe shi ne ranar da ta fara kyauta da hannunta ta ƙare da bulala. Na so in yi mata bayani, amma na san bakin 'yata. In na ce Tanti ba ta da komai, kafin magariba mai shagon bakin layi ya ji.

Mintu kuwa tana zaune a bakin ƙofa tana satar kallona, ta san ta yi ɓarna amma ba ta san wace iri ba.

Bayan la'asar Baba Saini, tsohon da ke gadin gidan da ke jikin kangon, ya yi sallama. Aron wuƙa ya zo. Ya ce tasa ko tumatir ba ta yankawa, ya kuma san ta Hasumi tana da kaifi tunda ba a daɗe da layya ba. Hasumi ya tsokane shi, ya ce tsoho Sallah ta wuce sai yanzu ragonka ya iso? Tsohon ya ce ina shi ina rago, Gambi ce ta roƙe shi ya yanka mata kaza.

Kazar nan ƙwanta ne abincin autan Gambi tun da aka yaye shi, in ya yi rara ta sayar ta sayi gishiri da sabulu.

Na ce wa Hasumi a kunne ya ɗora wa tsohon shayi, kada ya sake shi sai ya sha kofi na uku. Na yafa mayafi na ja Mintu. A hanya na rasa yadda zan tausasa maganar, sai na faɗa mata yadda take. Na ce kazar da kike wasa da ita za a dafa a sa a kwanonmu, domin Tanti ba ta so a ce ta riƙe kayan mutane, kuma ba za ta maido shi ba komai a ciki ba.

Ta tsaya cak. "Saboda abin da na faɗa?"

"Saboda kwanon da muka zaɓa, ni da ke. Maganarki ta ƙara mata sauri ne kawai. Taho."

Mun tarar da kazar a kwance gindin bulo, ƙafafunta ɗaure da tsumma. Ruwa yana kan murhu. Kwanonmu yana kife kan tabarma, an goge shi da toka har yana ɗaukar ido. Gambi ta shimfiɗa mini buhu, ta gaishe ni gaisuwar da ba ta tsallake kowa ba, har uwar mijina da ke Doso sai da ta tambaya. Sannan ta ce, "Uwar Mintu, kun yi gaggawa. Da kun jira magariba da ya same ku har gida."

Na ce, Yaya Gambi, ba kwano ya kawo ni ba, roƙo na zo. Na nuna itatuwan zogalen da ta shuka jikin katanga. Na ce nama ya ishe mu, Hasumi tun jiya yake kuka da cikinsa, masu ganye kuma ba su dawo kasuwa ba tun Sallah. In za ta taimaka mini da abin kwaɗo. Ban yi ƙarya ba ko ɗaya.

Ta ce ganye a madadin cinyar rago, a garinsu ba a yi.

Mintu ce ta zame daga gefena ta je ta tsuguna gaban kazar, tana shafa mata wuya.

"Tanti, ni ba na cin wannan. Ƙawata ce." Ta ɗago ta dubi Gambi. "Kuma ke ba ki saci komai ba. Ni na kawo miki."

Gambi ta ce, "Au, ke ce alƙalin injin niƙa?"

Zali ta yi dariya daga cikin bukka, dariyar da ta kuɓuce mata. Gambi ba ta yi ba. Ta ce tunda alƙali ya yanke hukunci, to alƙali ya tashi ya tsinki ganyensa da hannunsa, ita ba baiwar kowa ba ce. Mintu ta miƙe da gudu. Ita da Zali suka yi ta zage ganye har kwanon ya yi tozo, murfin ya ƙi rufuwa. Gambi ta shiga bukka ta fito da ƙwai biyu ta binne su cikin ganyen.

Bakina ya buɗe zan ce a bar wa autanta. Na kalli fuskarta na rufe shi. Na ce wa Mintu ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya kamar yadda take yi a gidan maigidan babanta. Ta yi. Sai a lokacin Gambi ta sunkuya ta kwance tsumman. Kazar ta miƙe tana ɗingishi, ta nufi bayan bulo.

A bakin kangon muka ci karo da Baba Saini da wuƙa a hannu, yana gyatsar shayi. Da ya ga kazar tana kiwo ya ce shi ke nan, an cuci tsoho, shi da ya sa rai da wuya da ƙafafu.

Mintu ta ci kwaɗon nan a daren duk da ba ta son zogale. Gambi tana amsa gaisuwata, sai dai har yanzu ba ta tsayawa hira kamar da, Zali kuma ta canza lokacin zuwa niƙa. Ina jira, ba na matsawa.

Ke da za ki aiki ɗanki da rabo gidan da ba su da shi, ki dubi mazubin da kika zuba rabon a ciki kafin ya fita ƙofa. In abin da sai an maido ne, ki juye a wanda ba a maidowa. Kada ki bari kwanonki ya ci kazar wani.