Abincin Rana da Sinyora Ornella

Saura ƙiris wannan labari ya mutu a cikin Widad, don har yau in ta tuna sai ta rufe fuska da mayafi.

Widad ɗinkin jakunkunan fata take yi a ɗan shagon goggonta Awadiyya a unguwar Ainu Shams. Kasuwa ta mutu, har Goggo ta fara zancen rufe shagon. Ana haka sai wata 'yar Italiya mai sayen kayan hannu, Sinyora Ornella, ta ga jakarsu, ta gayyace su abincin rana a unguwar Mohandessin don a yi maganar oda. Ranar kuma ciwon gwiwa ya kwantar da Goggo.

"Ke za ki je," in ji Goggo.

"Ni? Goggo, ni da ko mai kanti ba na iya kallo?"

"Yalla, tashi! Ki yi ado, mutanen nan har takalmi suke kallo. Kada ki ɗauko zancen ciniki sai ita ta fara. Kuma abin da aka ajiye miki ki cinye, barin abinci a wurinsu raini ne."

Widad ta ari takalmi, ta rungumi buhun samfur, ta hau jirgin metro ta sauka ta kama ƙaramar bas ta mikrobas. Sinyora, doguwa mai furfura, ta tarbe ta da sumba a kumatu hagu da dama. Widad ta sandare kamar an kama ta da sata.

Aka kawo faranti: yankan tumatir, cuku, 'yan zaitun. Widad ta duba, tausayi ya kama ta. Mace da zoben zinariya, amma abincin ranarta ke nan? Shi ya sa ba ta da ƙiba. Don kada yunwa ta ba ta kunya a hanya, sai ta sunkuyar da kai ta bi kwandon burodi a hankali har ta ga ƙasansa. Ta yi hamdala a zuci.

Sai ga taliya, faranti cike. Ashe dai! Widad ta tuna maganar Goggo, ta yi bisimilla ta biyu. Sinyora na ta zuba hira da gurgun Larabcinta, tana tambayar dangi, tana yarfa hannuwa, Widad kuwa "tamam", wato "to", kawai take cewa, idonta a kan cokali. Da ƙyar ta kai ƙarshe. Ta lallaɓa ta sassauta zariyar siket, ta miƙa hannu wajen buhun samfur.

Sinyora ta dafa hannunta. "A'a, habibti, 'yata. Sai mun sha kofi. Ai ba mu ci abinci ba tukuna."

Ba mu ci ba? Kafin ta gama juya maganar, an dire mata kifi guda, da kansa da jelarsa, yana kallonta da ido ɗaya. Ta kai loma. Ta biyu ta tsaya a maƙogwaro. In ta ci, amai. In ta bari, raini, shago ya rufe. Hawaye ya cika mata ido.

Sinyora ta ajiye cokali, fuskarta ta canza. "Tun ɗazu ba ki dube ni ba, ba ki yi magana ba. In ba kwa son aiki da ni, faɗa min kawai."

Nan kunya ta gudu ta bar Widad ita kaɗai. Ta ɗago ta dube ta ido cikin ido.

"Wallahi muna so! Cikina ne, Sinyora. Na zaci tumatir ɗin nan shi ne abincin duka. Har tausayinki na ji, na ce baiwar Allah ba ta da hali. Shi ne na cinye burodin." Ta nuna kwandon da hannu biyu. "Duka!"

Sinyora ta dubi kwandon, ta dubi kifin, sai dariya ta ƙwace mata har tana buga tebur.

"Ashe kina da baki! Har da hannu kike magana, kamar 'yar garinmu. Bar kifin, ba wanda zai mutu."

Da kofi ya zo, ɗan mitsitsi kamar na magani, Sinyora da kanta ta buɗe buhun. Ta shinshina fata, ta ja ɗinki, Widad na yi mata bayani ba tsayawa. Sinyora ta ce ta yarda da odar gwaji, kuma gobe da rana za ta zo ta gaida Goggo, ta ga shagon.

Goggo da ta ji labari sai da ta manta da gwiwarta don dariya. "Kin ji tausayin mai kuɗi, 'yar nan! Allah ya shirye ki."

Washegari da sassafe Widad ta tafi kasuwa. Ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuɓewa, ta soya kaza, ta tura tukwanen ƙarƙashin teburin yankan fata na shago ta rufe da fata. A kan tebur kuwa ta ajiye ɗan faranti na gyaɗa da dabino, da kwandon burodi babba.