Kwalba Mai Sunan Ladan Danda

Ga ta nan, ga ta nanku. Kun ce ta zo ku ji ta? To ku matso, amma wannan babu Gizo a cikinta.

Da hantsi Asiya ta leƙa katangar maƙwabta tana kira: "Malam Isma'il! Zo da tabaranka, saƙo ya iso daga wajen Gazali."

Gazali shi ne autansu, ita da Ladan Danda. Shekararsa shida a Faransa, yana aiki a wata ƴar gonar inabi can kan tudu, inda sanyi ke ƙandare yatsu. Duk garin Tchaké an san da haka, don Ladan ba ya gajiya da faɗi, wai ɗansa manomi ne kamarsa, ƙasa kawai aka sake. Malam Isma'il kuwa tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ke karanta musu duk takardar da ta zo da faransanci. Shi da Ladan aminai ne tun suna tsallen kwaɗo. Ladan ya sha faɗa a gaban jama'a: "Ranar da na cika, hannun Isma'il ne zai wanke ni."

Malam Isma'il ya tarar da Ladan kwance, ciwo ya cinye shi, kwana uku ko kunu ba ya wucewa. Amma yau idonsa da haske. Gefensa ga wata kwalba doguwa, ruwan cikinta garai-garai kamar sabon man gyaɗa.

"Matar da ke da gonar ce ta ba Abbas, ɗan garin Mayahin nan da ya dawo daga Faransa," in ji Asiya. "Ta ji baban Gazali ba shi da lafiya. Wai ko Gazali bai san ta aiko ba. Ruwan inabinsu ne. Bari in ɗauko cokali, ko wannan ya wuce."

Ladan ya ɗora yatsa kan takardar jikin kwalbar. "Ban yi lakwal ba, amma na san sunana, na gan shi a katin zaɓe. Ga shi nan. Karanta mini sauran."

Malam Isma'il ya goge tabarau, ya sake gogewa.

"An rubuta Shardone. Sunan irin inabin ke nan, fari. Sai Danda. Sai shekara."

"Ƙananan na ƙasa fa?"

Da Asiya ba ta dawo da cokali a hannu ba, wataƙila da Malam Isma'il ya yi shiru.

"Kada ki ba shi. Giya ce."

Cokali ya faɗi ƙasa. Asiya ta dafe ƙirji tana salati.

"Giya," in ji Ladan. "Da sunana. Ni da na shekara talatin ina kiran mutane salla."

"Girmamawa ce a wajensu, Ladan. Gonar ƴar ƙarama ce, ganga ɗaya suka keɓe, don yaron ne ya dasa itacen da hannunsa, shi ne suka..."

Ladan ya juyo a hankali. "Duk wannan a jikin kwalbar aka rubuta?"

Malam Isma'il ya sunkuyar da kai.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun takardar aikinsa ta farko. Gazali ya roƙe ni kada in faɗa maka giya ake yi da inabin. Na ce a raina ai shi ba ya sha, noma kawai yake."

"Shekara shida ina zaune ƙofar masallaci ina yabon gonar nan, kana gefena kana gyaɗa kai." Numfashi ya sarƙe shi, ya jira ya dawo. "Shi yaro ne, ya yi nisa. Kai fa? Katanga ɗaya ce tsakaninmu, Isma'il."

Ya juya fuskarsa bango. "Asiya, in lokaci ya yi, a kira ƙanena Usman. Shi zai wanke ni."

Kwana biyu ya ƙara. Ranar Laraba bayan la'asar ya cika, Allah ya jiƙansa. Usman ne ya yi masa wanka. Malam Isma'il ya tsaya bayan zana yana jin zubar ruwa, da buta cike a hannunsa, ba wanda ya karɓa.

Gazali ya bugo waya yana kuka, har yau bai zo ba. Asiya ta tsiyaye kwalbar a bayan gari, amma ta kasa yar da sunan mijinta. Ta yanke shi daga takardar kwalbar da almakashi, yana nan cikin kwallarta. Malam Isma'il kuwa yana salla a sahun baya, kuma bai sake karanta wa kowa takarda ba.