Keken Marigayiya a But

Mai Keke suke ce masa, ko da yake rabonsa da hawa keke tun yana saurayi. Keken ɗinki yake gyarawa. Shekara ashirin da 'yan kai yana zagaya shagunan teloli da gidajen mata masu ɗinki a wata tsohuwar mota ruwan toka, akwatin kayan aiki a but, kwalbar mai a aljihun ƙofa. Ba shi da shago. Motar ce shagonsa, in ta tsaya sana'a ta tsaya.

Wata Asabar da hantsi taya ta fashe masa a babban titi, motar ta ƙwace ta daki ƙarfen gefen hanya. Shi ko ƙwarzane bai yi ba, amma gaban motar ya lotse, lagireto ya fashe. Bakanike ya zagaya ta sau biyu yana tsaki, ya ce wannan gyara sai dai inshora.

Ofishin inshorar yana hawa na biyu, kujerun roba a jere, fanka na juyawa ba ta korar komai. Jami'in, wani mai tabarau da ba ya gaggawar magana, ya juyo masa da fuskar kwamfuta ya nuna masa hotunan da aka ɗauka a wurin hatsarin.

“Malam, inshorarka ta zirga-zirgar kanka ce, ziyara, kasuwa, kai iyali. Ba ta haɗa da aiki ba. Ga keken ɗinki a but, ga akwatin gyara, ga sana'arka a rubuce a fom. In aiki za ka ranar, kamfani ba zai biya ba.”

Shi bai taɓa karanta takardar ba, ina ya ga ta karatu? Mai ɗakinsa ce ke riƙe da takardu, ita kuwa bara ta rasu.

“Ba aiki za ni ba,” ya ce. “Keken mai ɗakina ne, Allah Ya jiƙanta. 'Yarmu zan kai wa.”

“Allah Ya gafarta mata. To, sai 'yar taka ta rubuto mana cewa wurinta za ka. Layi biyu ma sun isa.”

Nan fa ɗaya. Yarinyar ba ta san yana tafe ba.

Ba faɗa suka yi ba, kar a ɗora musu laifin da ba nasu ba. Ita kaɗai Allah Ya ba su, tana aure a wani gari, tafiyar awa biyu. Da uwarta na raye, in ta bugo waya ya ɗauka, gaisuwa ce kawai sai ya ce “ga mamanki”, ya miƙa, ya koma gefe yana sauraron dariyarsu, shi ma yana murmushi kamar da shi ake. Da uwar ta tafi sai ya rasa wanda zai miƙa wa. Su gaisa, ta tambayi ciwon ƙafarsa, ya tambayi yara, sai shiru, sai sallama. Kewarta yake yi sosai, baki ne dai ya yi masa nauyi.

Ga shi kuma mutum ne da bai iya shiga gidan kowa ba sai da dalilin keke. Shi ya sa ya yi mako uku a kan na marigayiya, ya canja bel, ya wanke tsatsa, ya zuba mai har yana tafiya ba ƙara. Ya tsara komai a ransa. Zai ajiye shi a falon 'yar tasa, ya ɗau lokaci yana daidaitawa, ya nuna mata yadda ake saka zare ko da ta iya, jikoki su kewaye shi, wataƙila yamma ta yi a ce ya kwana.

Ya fita ya tsaya a kan matakala ya kira 'yar tasa. Hayaniyar yara ta riga muryarta shigowa.

“Baba? Lafiya?”

Ya faɗa mata a gajarce.

“Innalillahi! Ka ji ciwo? Baba, don Allah me ya sa ba ka gaya min za ka zo ba?”

“So na yi kawai ki gan ni.”

“Kai, Baba! Turo min lambar mutumin, yanzu zan rubuta masa.” Ta tsawata wa wani yaro, ta dawo. “Keken kuwa, kar ka sake hawa wannan hanya saboda shi, hankalina ba zai kwanta ba. Akwai masu kai kaya har ƙofar gida, ka ba su kawai. Ka ji, Baba?”

Tausayinsa take ji, ya sani. Da faɗa ta yi masa ma da ya fi masa sauƙi.

“To,” ya ce. “Allah Ya yi miki albarka.”

Kafin ya koma kujerarsa saƙon ya iso. Jami'in ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce za a gyara motar.

“Ka yi dacen 'ya, Malam. Amma gara mu sauya maka inshorar ta haɗa da aiki, kar a sake haka.” Ya jawo sabon fom. “A shekara, kamar kilomita nawa kake yi na aiki?”

Mai Keke ya faɗa masa ba tare da dogon tunani ba.

“Na kanka fa? Ziyarar 'yan uwa, zuwa wurin 'ya'ya, irin wannan.”

Ya kalli alƙalamin da ke jira a kan takardar.

“Bar wurin haka,” ya ce. “Rubuta na aikin kawai.”