Tuffar Kan Tsibi

"Sauke shi," in ji Munevera.

Direban tifar ya leƙo ta taga. Ya waiwayi lodin kashin ƙarfen da aka gama zuba masa, sannan ya dubi matar da ta tsaya a gaban motarsa, takalmin roba har gwiwa, hular kwano a kan ɗankwali.

"Haba Anti, da takardata fa na zo. Ga sa hannun manaja."

"Manaja a takarda ya sa hannu, ni kuwa a dutsen na sa nawa. Bai nuna ba. Mayar da shi inda ka ɗebo."

Tifa huɗu ne a layi bayan tasa, duk an aiko su ɗaukar dutsen da za a shimfiɗa a hanyar ƙauyen Javorje. Suka fara matsa ham. Ko gezau ba ta yi ba. Da suka gaji suka kashe injin.

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san kashin ƙarfe tun kafin ya san haruffa. Shi ne dattin da ke tasowa idan an narka ƙarfe a masana'anta, a zubar da shi ja wur, ya huce ya zama baƙin dutse. Shekara da shekaru ana jibge shi a bayan gari har ya yi tsibin da ke tare mana rana tun la'asar. Daga baya aka gane cewa dukiya muke zagi. Yanzu fasa shi ake yi, maganaɗisu ya tsince ragowar ƙarfen a mayar tanderu, sauran kuma a shimfiɗa a ƙarƙashin kwalta. Shekara ashirin da biyu Munevera na riƙe da filin da ake wannan aiki, kuma ni dai ban taɓa ganin wanda ya san dutse kamarta ba.

Sai dai kashin ƙarfe yana da mugun hali guda ɗaya. Akwai farar ƙasa ɓoye a cikinsa, wadda in ta sha ruwa sai ta kumbura. Dole a bar shi wata shida a fili, ruwan sama na dukansa, ana juya shi, har ya gama kumburinsa. Wannan shi ne abin da Munevera ke kira nuna, sai ka ce 'ya'yan itace take magana. Wanda ya nuna duka an kwashe shi da bazara zuwa babbar hanya. Abin da ya rage a filin ran nan sati shida kacal ya yi.

Ba a yi rabin awa ba sai ga ƙanenta Ekrem, ya shigo ofishinta ko sallama babu. Shi ne shugaban kwamitin Javorje, ƙauyen da aka haife su. Shekara huɗu ya yi yana sintiri a ƙaramar hukuma a kan kilomita uku na hanya, kuma da ƙyar aka amince, shi ma don kashin ƙarfe ya fi dutsen fasa araha.

"Yaya, lafiyarki kuwa? Hanyar gidanmu ce fa kika tare!"

"Na san inda za ta. Zauna ka sha kofi."

"Kofi? Saura sati uku masu kwalta su rufe injinsu saboda sanyi. In ba a zuba dutsen nan yanzu ba sai baɗi. Kin manta bara?"

Ina za ta manta? Mahaifiyarsu Zejna sau uku a sati ake kai ta asibiti wankin ƙoda. Bara da dusar ƙanƙara ta narke, hanyar ta zama taɓo, motar asibiti ta riƙa tsayawa a bakin gada. Cire ƙyauren ɗaki aka yi, a kwantar da tsohuwa a kai, maza huɗu su gangaro da ita. Sau biyu ta rasa wankin, har fuskarta ta kumbura. An yi magiya har an gaji a kan ta dawo gari, ta ce ba za ta mutu a bene hawa na biyar ba.

Munevera ta miƙa hannu kan taga. A nan take jera kwalaben da aka cinye zuma, kowacce cike da tsakuwar kashin ƙarfe da ruwa, an ɗaure bakinta tam, an rubuta kwanan wata a jiki. Masu ɗakin gwaji suna yi mata dariya, amma sukan leƙo su duba in sun zo wucewa. Ta ɗauko ɗaya ta ajiye a gabansa. Kwalbar ta tsage daga wuya har gindi.

"Daga tulin da kake so na ɗebo wannan. Kwana goma sha biyu."

"Kwalba daban, hanya daban."

"Je ka duba filin ajiye motoci na bayan kasuwa. Da ɗanye aka yi shi, ina hutu. Shekara ɗaya ya tashi kamar burodi. Hanyar taɓo ko tarakta ta bi, Ekrem. Kwaltar da ta fashe ta miƙe tsaye babu abin da ke bin ta. Kuma kana jin ƙaramar hukuma za ta sake yi muku wata? Sai jikokinka."

"To Inna tana da wata shidan da za ta jira dutsenki ya nuna?"

Wannan ta shige ta sosai. Ekrem ya ga ya ji mata ciwo, amma bai janye ba, don shi ne ya riƙe kusurwar ƙyauren nan ta gaba.

"Ke dai kullum kin fi kowa gaskiya," in ji shi. "Sai ki je ki faɗa mata da bakinki."

Da azahar ta kulle ofis ta hau tsohon tsibi. Baƙo in ya ga lambunan da ke samansa sai ya ɗauka Allah ne ya yi wurin haka. Ina! Ma'aikata ne suka hau da ƙasar nan bokiti-bokiti bayan an tashi aiki, suka shuka kabeji da albasa a kan dattin da suka zubar da hannunsu. Lokacin yaƙi, da kasuwa ta mutu, tsibin nan ne ya ciyar da rabin unguwar ma'aikata. Shekara biyar da suka wuce kamfani ya so ya tone shi, Munevera ce ta tsaya a taro ta wanke su tas har suka fasa.

Lambunta shi ne na ƙarshe a kusurwar yamma, dab da gangare. Na mahaifinta ne, marigayi Ragib, wanda ya yi shekara talatin yana zubar da kashin ƙarfe mai zafi har gashin girarsa ya daina fitowa. A tsakiyar lambun akwai itacen tuffa da ya shuka. Karkatacce ne, 'ya'yansa ƙanana masu tsami, amma duk ranar da duniya ta yi wa Munevera zafi a gindinsa take zama. Tsohon bokitin Ragib har yau yana rataye a jikin shinge.

Ta jima zaune sai ta ji nishi a bayanta. Stipo ne, mai tuƙa katafila, da tumbinsa da ƙunshin burodi mai nama. Tare suka fara aiki, kuma lambunsa na uku ne daga nata.

"Uwar tsibi, an ce yau kin kori ƙanenki da kwalba."

"Kai kuma an ce tun safe kana barci a cikin katafila."

"Ai ke kika ba ni hutu. Ungo, ci."

Ta karɓa amma ba ta ci ba. Da dugadugin takalmi take tona ƙasa, har ta kai ga baƙin dutse. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi a tafin hannu.

"Stipo, wannan shekararsa nawa yana shan ruwa?"

Ya daina tauna. "A'a. Kar ma ki fara."

"Arba'in da wani abu. Lokacin rigimar nan na kai shi ɗakin gwaji a ɓoye, don in san abin da nake faɗa a kai. Ya nuna har ya gaji da nuna. Babu dutsen da ya kai shi a duk filin. Shiru na yi da sakamakon."

"To ki ci gaba da yin shirun! In kika buɗe musu ƙofa, wallahi sai sun cinye tsibin nan har kabejina."

"Ta kusurwar nan kaɗai katafila za ta iya shiga ba ta taɓa na kowa ba. Daga shingen nan zuwa ƙasa ya ishi kilomita uku, na auna da ido."

"Itacen fa?"

Ba ta dube shi ba. "Itace ne."

"Ƙarya kike yi," in ji Stipo a hankali. "Ni na riƙe miki jaka ranar da kika kawo masa ruwa da zazzaɓi a jikinki."

Sai a lokacin hawaye suka zo mata, ta share da bayan hannu, ta bar baƙin layi a kumatu. Ta ci burodin duka, ta tashi.

Manaja Vedad yaro ne a kanta, ɗan jami'a mai tsabtar takalmi, kuma tun safe waya ke cinsa saboda tifofin da ke tsaye. Da ta ajiye masa tsohuwar takardar gwajin, idonsa ya yi haske irin na wanda aka buɗe wa rumbu.

"Anti Munevera, kin san abin da ke kwance a can kuwa? Ai in muka fara..."

"Ba mu fara komai ba. Lambu ɗaya ne, nawa. Rubuta: daga shingen Ragib zuwa yamma, kuma don hanyar Javorje kaɗai. Ka sa hannu ka buga hatimi, kwafi ɗaya ga masu lambu. In katafila ta taɓa albasa ɗaya a gabas, ni da kai ne, kuma ka tambayi wanda ka gada yadda muka ƙare."

"Na ji labari," in ji shi, ya jawo biro.

Kafin la'asar katafila ta hau. Masu lambu suka taru a bakin shinge, wasu na gunaguni, har Munevera ta karanta musu takardar da ƙarfi sau biyu. Ekrem ya iso a guje ya tsaya nesa da ita, hula a hannu.

"Yaya, ban ce ki yi haka ba."

"Na sani. Matsa, kana tare masa hanya."

Stipo bai fara da dutse ba. Mutumin da ke iya kwashe tan biyar a cokalin katafila ɗaya ya yi kusan awa yana zagaya itacen, yana yankar ƙasa kaɗan-kaɗan, harshe a waje. Da ya ɗaga shi, kowa ya ga saiwoyin. Ƙasar da Ragib ya hau da ita ba ta wuce kamu uku ba. Daga nan saiwoyin sun nutse cikin baƙin dutse sun rungume shi.

"Tsohon itace ba ya son ƙaura," ya yi ihu daga sama. "Ban yi alkawarin komai ba!"

Ya sauke shi a bayan tifar direban safe, wadda ke jira a ƙasan gangaren, aka ɗaure da igiya. Gobe injin fasa dutse zai fara, jibi lodin farko ya tafi. Itacen kuwa yau zai kama hanya.

Munevera ta koma gefe ta kira mahaifiyarta. Ta yi bayani tiryan-tiryan, tana jiran faɗa. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce:

"Wato dattin ubanku ne zai zo ƙofar gidana."

"Shi ne, Inna."

"Shekara talatin ina wanke shi daga rigunansa, yanzu kuma a kansa za a riƙa tuƙa ni." Ta yi ɗan tari. "Itacen fa, waye zai dasa?"

"Ekrem."

"Ekrem ko albasa bai iya dasawa ba. Ki zo da kanki. Kuma ki ɗebo baƙin dutsen nan ki zuba a ramin. Sau nawa na ce wa Ragib ya kawo shi gida, ya ce itacen bai saba da ƙasar kirki ba, in ya same ta zalla mutuwa zai yi."

Direban ya tayar da mota, ya leƙo. "Anti, wannan lodin ma sai kin sa hannu?"

"Jira ni."

Ta ciro bokitin mahaifinta daga jikin shinge kafin katafila ta kai gare shi. Hannunsa na waya ne, gindinsa ya sha faci. Ta durƙusa a bakin ramin da itacen ya bari, ta cika shi da baƙin dutse har baki, ta gwada nauyinsa. Sannan ta bi 'yar hanyar da ƙafar Ragib ta fitar a jikin tsibin, ta fara gangarawa da shi.