Alamar Radim a Jikin Injin

Godiya ta tabbata ga Ubangiji, wanda ya bar mini yatsuna goma da idanuna biyu, bayan na aikata abin da ya isa ya raba ni da su.

Shekara talatin ina dikon a cocin ƙauyenmu na Morabiya, ina karantar da Littafi Mai Tsarki. Da yayana Radim ya rasu, na gaji ƙaramar bindigarsa da injin da yake ɗura harsashi da shi, na nemi lasisi aka ba ni. Ƙungiyar harbinsu ta sa ranar gasa don tunawa da shi. Al'adarsu ita ce ɗan'uwan mamaci ya buɗe fili, da harsashin da aka ɗura a injin marigayin. Amma sai alƙalin fili ya gwada harsashin, in bai yi ba a ba wani baƙo wannan matsayi.

Albarushi na auna shi kamar yadda Radim ya bari a rubuce. Matsalar tana matakin ƙarshe, inda injin yake matse bakin kwanson tagulla domin ya riƙe dalma. In na danna kan harsashin a gefen tebur, sai dalmar ta shige ciki. Na murɗa sukurun injin, na ƙara matsi. Ta ƙara sakewa. Na sake murɗawa har hannuna ya yi kanta. Ina faɗa da kunya cewa ranar Juma'a na yanke shawarar tafiya da su haka, in zaɓo masu dama-dama in miƙa wa alƙali.

Da hantsi Blažena, matar marigayin, ta shigo rumfar da nake aikin, riƙe da farantin gurasa mai zaƙi. Ta ɗauki harsashi guda, ta danna shi da babban yatsa, ya nutse.

"Ƙanena, wannan na gasa ne ko na jana'izarka?"

"Matar yaya, na matse iya ƙarfina."

"Ai na ga alama! Ka yi wa bakin kwanso irin riƙon da kake yi wa mutane da wa'azi, sai sun galabaita."

Ta gyara tabarau ta nuna mini. "Tagulla in ka matse ta, tana ɗan komawa. Dalma kuwa in ta lotsa ta lotsa ke nan. Kai ka ƙanƙantar da ita, kwanson ya buɗe ya bar ta tana lilo. In ta shige ciki ta takura albarushi, bindigar a hannunka za ta tarwatse. Na binne ɗaya bana, ya ishe ni."

Na ce mata ban taɓa sanin ta san wannan aiki ba.

"Wa kake tsammani yake jan hannun injin tun da kafaɗar yayanka ta mutu? Mala'iku?"

Ta goge maiƙo da gefen riga, sai ga ɗan zane da Radim ya yi da tsinin ƙusa a jikin ƙarfen. Ashe wajen murɗa sukurun na wuce wannan alama da zagaye biyu cur. Ta mayar da sukurun kan alamar, ta sa na warware duk abin da na ɗura, muka ware dalmar da ta lotsa, na sake ɗura sababbi. Ba ta taɓa hannun injin ba. Ta ce al'ada hannuna ta nema, ita nata ido ne.

Ranar Asabar alƙali ya danna harsasaina ɗaya bayan ɗaya a jikin benci, babu wanda ya motsa. Na ɗaga bindigar Radim, na ambaci sunan Ubangiji, na buɗe fili. Harbin ya sauka can gefen allo, nesa da tsakiya.

Daga bayana na ji muryar Blažena: "Harsashi dai ya yi. Maharbin a sa shi a addu'a."

Na juyo ina dariya, hawaye yana zuba, na gode mata a gaban jama'a.